Kicin ɗin matasa: inda aka kwana

Asabar, 13 ga Janairu 2024

Alhamdulillah jiya bayan la'asar saƙon ya shigo, gidauniyar nan da muka rubuta wa tun watan Satumba ta amince za ta ba mu tallafin. Wlh sai da na karanta sau uku kafin na kira ma'ajinmu don ni na riga na cire rai. Nace bari in riƙa rubuta yadda abin ke tafiya a nan, 'yan ƙungiya da ke nesa su san halin da ake ciki, kuma ni mantuwa gare ni, kar ranar rubuta rahoto in zauna ina kame-kame.

Abin da muka nema shi ne mu ɗauki matasa 24 'yan shekara 18 zuwa 25, mu koya musu girki na sana'a da hidimar baƙi wata shida, sannan su yi wata biyu a otal ko gidan abinci su san makamar aiki. Naira miliyan 8 ne kuɗin amma ba a dunƙule za a ba mu ba, kashi uku ne, sai ka kai rahoto da rasit na kashin farko kafin a saki na biyu. Duk mai niyyar neman irin wannan ya fara haɗa takardunsa tun kafin ya rubuta komai, rajistar CAC, satifiket ɗin SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, da asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu. Mu haɗa waɗannan kaɗai ya ci mana wata biyu kuma laifinmu ne, kundin tsarin ƙungiyar ma a cikin wata tsohuwar adaka aka nemo shi.

Ni ce zan riƙe kicin ɗin. Shekara 11 nayi a kicin ɗin wani otal a nan Kano, daga wanke-wanke na fara.

Litinin, 29 ga Janairu

Fom 213 aka cike, gurbi 24. Ban taɓa jin nauyin ce wa mutum a'a irin na makon nan ba. Ba mu yi musu jarabawar takarda ba, albasa da wuƙa muka ajiye a kan tebur, ga buta da sabulu can gefe, muka ce kowa ya yanka mana. Ni ba yankan nake kallo ba, so nake naga wa zai wanke hannu kafin ya taɓa. Cikin mutum 60 da muka kira bakwai ne suka wanke, duk bakwai ɗin na ɗauka ban ƙara tambayarsu komai ba. Sauran muka duba wanda ba ya makaranta ba ya aikin komai, da marayu, da ƙananan zawarawa uku. Mata 15 maza 9.

Sai kuma rigimar iyaye. Wani dattijo daga Kurna ya zo har gida da sassafe, bayan mun gaisa yace Hajiya ni fa da naji ance girki na amince, yanzu kuma yarinya ta zo tana ce min wai har da otal, ni ban haifi 'yar da za ta yi aikin otal ba. Nace Baba ai gara da ka tako ka tambaya, na san abin da ake nufi idan ance mace tana otal a garin nan, nima an faɗa min maganganu ba ɗaya ba. Muka je gaban mai unguwa aka yi magana a buɗe, matan aikin rana kawai za su yi, a kicin, su tashi kafin magariba, kuma duk uban da ke so ya je ya ga wurin da idonsa. Yace to Allah ya sa albarka, amma fa zan zo. Nace bismillah.

Su kuma mazan abokai ne suka sa su a gaba wai za su zama 'yan daudu. Nace musu mai shayin unguwarku mace ce? Mai tsire fa? Wanda ke haɗa muku gurasa bandashe a bakin titi fa? Duk shugabannin kicin da na yi aiki a ƙarƙashinsu maza ne kuma kowa da gidansa da iyalinsa.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Yau aka fara aji. Alat ɗin kashin farko ya shigo makon jiya, murna ta koma ciki da muka shiga kasuwa. Lokacin da muka rubuta kasafin nan dala tana 900 da wani abu a Wapa, yanzu ta doshi 1,500, kuma a ƙasar nan ko mai sayar da daddawa da dala yake kafa maka hujja. Obin ɗin da muka sa a takarda kuɗinsa ya kusa ninkawa, firiza ma haka. A Singa muka je sayen fulawa da mai da sukari, farashin da aka faɗa mana da safe daban da wanda muka tarar da muka dawo da azahar.

Abin da muka yi, obin biyu ya koma ɗaya, firiza na hannu muka saya, tukwane na ƙira muka ɗauka maimakon na kanti kuma ni dama sun fi min. Amma ba haka kawai za ka canza ba, duk layin da za ka taɓa a kasafi sai ka rubuta musu sun amince a rubuce, jami'ar da ke kula da mu mutuniyar kirki ce ta amsa cikin kwana biyu. Hatsi a Dawanau muka saro, kayan miya kuma kullum daga Yankaba, na sa yaran su riƙa zuwa bi da bi don cefane ma darasi ne.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Wannan makon ne na gane ainihin aikin da ke gabana. Yaran nan sun iya girki. Musamman matan, akwai wata 'yar Jakara da in tayi miki miyar taushe sai kin lashe kwano, wata kuma wainarta ta fi tawa, na faɗa a gabansu. Matsalar ita ce ba mai iya yin abu ɗaya sau biyu ya fito iri ɗaya, kuma ba wadda ta san nawa farantin ya tasar mata. Ka tambayi gishiri nawa kika sa tace daidai misali. Mai fa? Na dai zuba. To a gida wannan ya isa, amma baƙon da ya ci dafa-dukanki yau ya ji daɗi ya dawo jibi, irin ta yau ya zo nema.

Na ɗauko sikeli na ajiye a tsakiyar kicin nace daga yau shi ne shugaba. Aka yi ta dariya, ɗaya tace Anti kakata ta shekara 50 tana tuwon sayarwa ba ta taɓa auna komai ba. Nace hannun kakarki ne sikelinta, shekara 50 ta ɗauka tana saita shi, ke wata shida gare ki. Kuma kwano da gwangwani da muke taƙama da su ba su da tabbas, kwanon wannan kasuwa daban da na waccan, wani an bubbuga masa gindi wani an toza wani an shafe.

Muka yi gwaji suka gani. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa in kina ware wa kowane faranti giram 120 na ɗanyar, faranti takwas ne da ɗan saura, amma da na bar su suka zuba da ido shida suka fitar. Faranti biyu sun tafi a kowane kilo, ki lissafa a buhu. Nama kuma muka auna shi ɗanye muka sake aunawa bayan ya dahu, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, ita kuma mai sayarwa da kuɗin ɗanyen take lissafi. Ƙa'idar da aka koya min a otal ita na ba su, kuɗin kayan da suka shiga faranti kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da za ki sayar, sauran na gas ne da ruwa da robar tekawe da haya da ladan wahalarki. Yawancin matan da ke sayar da abinci a gidaje ladan wahalar nan ne ba sa sawa, shi ya sa za ki ga mace ta shekara tana aikin wuta jarin bai ƙaru ba sai ma ya karye.

Tsafta ma mun shiga. Katakon yanka kala-kala, ja na ɗanyen nama, shuɗi na kifi, kore na ganye. Abinci ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60 ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5, tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, kuma dafaffen abu kar ya wuce awa biyu a ajiye haka nan. Shinkafar biki da ake dafawa da asuba a zuba a kula har bayan isha'i, ita ce ke kai mutane asibiti a ce jifa ne. An cire zobba, an yanke farce, duk mun kai su an yi musu gwajin lafiya na masu taɓa abinci.

Alhamis, 14 ga Maris

Azumi huɗu yau. Mun mayar da aji ya zama ana farawa ƙarfe biyu a tashi biyar da rabi, abin da aka girka da shi suke tafiya gida buɗa-baki. Ɗanɗano ne matsala, sai ga amfanin sikeli, wanda ya bi awon da ke rubuce miyarsa ta fito daidai ba tare da ya kai baki ba. 'Yar Jakara ta kalle ni tayi murmushi ba ta ce komai ba.

Wani bawan Allah ya ba mu odar kunun tsamiya da ƙosai da dafa-duka na mutum 100 kullum zuwa masallacin unguwarsu. Na bar yaran su yi lissafin farashin da kansu, suka manta kuɗin leda da na ɗan sahun da zai kai, ban ce musu uffan ba sai da aka yi kwana uku suka ga kuɗin ba ya cika.

Litinin, 15 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Laraba lafiya. Dubulan da alkaki da cincin da suka yi na Sallah sun sayu tas, ribar ta shiga asusun aji.

Ni kuma tun washegarin Sallah nake kan rahoto. Rasit! Ina mai tattasai a Yankaba zai samo miki rasit? Mai gawayi fa? Mahauci? Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da muka kashe ba shi da takarda, ba don an ci ba, don haka kasuwarmu take. Ma'aji ya kawo shawarar mu je a buga mana rasit a cike, nace a'a, ranar da aka kama ɗaya na bogi duk na gaskiyar ma sun zama ƙarya. Na kira jami'ar na faɗa mata yadda abin yake, tace mu yi baucar kanmu, a rubuta kaya da kuɗi da rana, mai kayan ya sa hannu ko ya dangwala, mutum biyu daga cikinmu su shaida. Da tun farko na tambaya da na huta. Yanzu duk mai zuwa cefane da littafin bauca da tawadar dangwale yake tafiya, 'yan kasuwar har tsokanarsu suke wai ga 'yan zaɓe nan sun zo.

Litinin, 6 ga Mayu

Mutum huɗu sun daina zuwa. Na bi su gida ɗaya bayan ɗaya, ɗaya aure aka sa mata mijin yace a'a, wannan ba yadda zan yi. Sauran ukun kuɗin mota ne. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun bara kuɗin adaidaita bai sake zama wuri ɗaya ba, yarinyar da ke zuwa daga Rijiyar Zaki sahu biyu take hawa zuwa biyu dawowa, uwarta tace min Hajiya in na ba ta kuɗin motar yau ƙannenta ba za su karya ba, wanne zan ɗauka? Ban da amsa.

Kuskurena ne kuma na ɗauka. Da muke rubuta takardar neman tallafin, hankalinmu duk yana kan obin da firiza da rigunan kicin, abubuwan da za a ɗauka a hoto a sa a rahoto, kuɗin mota ɗan kaɗan muka sa kamar abin kunya. Masu ba da tallafi ma na lura sun fi sakin jiki da sayen kaya don kaya ana ganinsu ana ƙirga su, kuɗin da aka miƙa wa yaro a hannu kuwa sai an yi ta bayani. Amma obin ba ya koya wa wanda bai zo ba. Na rubuta musu a cire kuɗin bikin yaye ɗalibai gaba ɗaya, da rumfa da kujeru da mai hoto, a mayar kuɗin mota. Kafin su amsa muna ba ukun nan daga ribar kayan Sallah.

Kashi na biyu har yau bai shigo ba, mako uku da kai rahoto.

Litinin, 3 ga Yuni

Kuɗi sun shigo, sun kuma amince da maganar kuɗin mota, biyu cikin ukun sun dawo. Mu 22 ne yanzu.

Tumatir ya zama gwal. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta shiga gonaki a wajajen Kura da Kadawa, ga shi dama lokacin ƙarewar na rani ne, kwandon da muke saya ya ninka ya sake ninkawa. Maimakon in yi ta kuka sai na mayar da shi darasi, na raba su gida huɗu nace kowane gida ya kawo min jar miya da ba ta wuce kaza ba a kuɗi. Wasu suka yi da busasshen tumatir, kauɗa, suka jiƙa suka markaɗa da albasa mai yawa, wasu suka haɗa da karas da tattasai, wasu na gwangwani. Ta kauɗar ce ta ci, wani yaro ɗan Fagge ne ya jagorance su, yace haka babarsa ke yi duk bazara. Shi wannan yaron makon farko ko riƙe wuƙa bai iya ba, yanzu shi ke riƙe littafin sito, abin da ya fara shigowa shi ke fara fita, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa har ni.

Laraba, 19 ga Yuni

Babbar Sallah ta wuce ranar Lahadi, ba hawa. 'Yan sanda sun hana saboda rikicin sarautar da ake ciki tun watan jiya. Ba zan sa baki a wannan ba, abin da ya shafe mu kawai zan faɗa. Otal biyu sun yi mana alkawarin ɗaukar yaranmu takwas aikin wucin gadi na kwanakin Sallah, don lokacin hawan Daushe da na Nassarawa ne gari ke cika da baƙi har da Turawa da 'yan ofisoshin jakadanci. Da aka ce ba hawa baƙin suka fasa, manajan ɗaya ya kira ni yace Hajiya ki yi haƙuri nawa ma'aikatan ma zaune suke. Yaran sun riga sun goge riguna.

Mun yi aikin naman layya dai, dambun nama da soye da farfesun kai, mutanen unguwa suka kawo ana yi musu ana biya.

Talata, 9 ga Yuli

Mun shiga ɓangaren hidimar baƙi. Wani abokin aikina na da, tsohon sabis ne, wato mai kai wa baƙi abinci, da ya yi ritaya, shi ke zuwa sau biyu a mako. Ɗaukar tire da hannu ɗaya, jera cokali da wuƙa da kofi, gyaran gado, amsa waya, yadda za ka karɓi ƙorafin baƙo ba tare da ka ce ai ba laifina ba ne. Faranti biyar aka fasa a rana ɗaya.

Abin da ya fi ba su wuya kallon ido. An tarbiyyantar da su in babba na magana ka sunkuyar da kai, shi kuma baƙo in yana ba ka oda kana kallon ƙasa gani yake ba ka saurarensa. Tsohon sabis ɗin yace musu ba cewa nayi ku zama marasa kunya ba, ku ɗago ku ji abin da yake so ku maimaita masa, sannan ku sunkuya abinku. Turanci ma muna yi, jimla 30 kacal wadda aiki ke buƙata, ba nahawu.

Ya ba su labarin otal ɗin Bagauda na zamanin Audu Bako, yadda ake tasowa daga ko'ina a je hutu bakin dam ɗin, wurin da yanzu ya zama makarantar horas da lauyoyi. A can Bagaudan ne kuma cibiyar NIHOTOUR ta gwamnatin tarayya mai koyar da aikin otal da yawon buɗe ido take da reshe, yawancin yaran ba su taɓa jin akwai makarantar wannan aikin ba sam. Biyu sun ce in Allah ya hore can za su ci gaba.

Litinin, 5 ga Agusta

Ranar Alhamis 1 ga wata aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, abin ya rikice aka fasa wurare, gwamna ya sa dokar hana fita ta awa 24. Mu a ranar muna da odar ɗaurin aure ta Juma'a, kaji 40 a firiza, ga markaɗe an yi. Ba wuta, ba hanyar zuwa a tada janareto. Da na samu shiga ranar Asabar tun daga ƙofa na san an gama. Ma'aji yace ko a soya a gani, nace wata biyar ina faɗa wa yaran nan digiri 5 da digiri 60, ba zan soya ruɓaɓɓiyar kaza a gabansu ba. Muka haƙa rami muka binne. Na rubuta asarar a rahoto yadda take, da hoto.

Duk yaranmu lafiya, na kira kowa.

Litinin, 23 ga Satumba

An gama aji ƙarshen Agusta, mako na uku ke nan suna wuraren aiki. Otal uku, gidan abinci huɗu, gidan burodi ɗaya, da wata Hajiya mai girkin biki da ta ɗauki uku. Samun wuraren ya fi koyarwar wuya, kowa sai yace kawo su amma ba zan ba su ko sisi ba. A farkon watan nan kuma aka sake ƙara kuɗin fetur, litar da take 600 da ɗori ta haura 850, kuɗin motar da muka ware ya sake zama ba komai.

Wuri ɗaya na janye yarana biyu. Naje duba su ba tare da na sanar ba na tarar mako biyu ba abin da suke yi sai wanke-wanke da goge banɗaki, ko kusa da murhu ba a bari su je. Nima da wanke-wanke na fara, ban raina shi ba, amma akwai takardar da muka sa wa hannu da mai wurin cewa za su zaga sito da kicin da wurin cin abinci. Yace ai haka ake koyo. Nace Alhaji ma'aikata kyauta kake nema, na gode, na kwashe su. Darasi, duk wanda zai tura yara irin wannan ya riƙa zuwa ba zato.

Dattijon Kurna ya cika alkawari, ya je gidan abincin da 'yarsa take, aka ba shi kujera, ita ta kawo masa tuwon shinkafa da miyar da ta yi da hannunta. Mai wurin tace har ya gama bai ce komai ba, da zai tafi ne ya ciro kuɗi zai biya aka hana shi.

Litinin, 28 ga Oktoba

Yau kwana takwas ba wuta a kusan duk Arewa, layin da ke kawo ta ya lalace, wancan na Shiroro zuwa Kaduna dama an riga an lalata shi. Ƙanƙara ta yi tsadar da ba a magana. 'Yan ajinmu uku da suka haɗa jari suna zoɓo da kunun aya sun tsaya cak, kunun aya ba ya yini ba sanyi. Gidan burodin ya rage aiki ya sallami namu ɗaya kafin lokaci. Nace wa masu zoɓon su koma abin da ba ya son firji, cincin, gullisuwa, dambun nama, yajin ƙuli, har Allah ya kawo wutar.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Mutum biyu daga gidauniyar sun zo duba aiki ranar Laraba. Sun ƙirga tukwane, sun duba baucoci ɗaya-ɗaya, sun keɓe da yaran ba ni a wurin, wanda ya yi min daidai. Tambayar da fom ɗinsu ke yi ita ce mutum nawa suka samu aiki, ga yadda abin yake. Cikin 24 mutum 22 suka gama. Shida an riƙe su a inda suka yi sanin makamar aiki, ciki har da ɗan Fagge da aka ba shi sito. Bakwai suna sana'ar kansu daga gida, odar biki da suna da kayan fulawa, suna tallatawa a WhatsApp. Uku na bin Hajiya mai girkin biki ana biyansu duk fita. Shida suna zaune tukuna.

Sai dai na faɗa musu kar adadin ya ruɗe su. Cikin shidan da aka ɗauka ba wanda albashinsa ya kai naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli a matsayin mafi ƙarancin albashi, wani rabin abin da ake ba shi a ɗan sahu yake ƙarewa. 'Yar Jakara kuwa da fom ɗin zai rubuta ba ta da aiki, ta nuna musu littafinta, kowace oda da kuɗin kaya da na gas da ladanta a layinsa, abin da ya rage mata a Oktoba ya fi albashin mutum biyu cikin shidan. Ɗaya daga cikin baƙin ya ɗauki hoton shafin. Na roƙe su a fom na gaba su ƙara layin masu sana'ar kansu.

Litinin, 9 ga Disamba

Kashi na uku ya shigo, ɗan kaɗan ne kuma an riga an san inda za shi. Za mu biya wa 14 kuɗin jarabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, mataki na uku wanda da shi ake farawa, don satifiket ɗinmu na ƙungiya ba kowane otal ne zai kalle shi ba. Sauran kuɗin za a sai wa masu sana'ar gida sikeli ɗaya-ɗaya da kula babba, ba za mu ba kowa kuɗi a hannu ba.

Takardar neman zagaye na biyu tana hannuna, 20 ga wata za a rufe karɓa. Wannan karon mutum 16 kawai na sa, daga unguwannin da za a iya takowa da ƙafa ko sahu ɗaya, kuɗin mota shi ne layi na farko, kuma na ƙara kashi 20 cikin 100 na tashin farashi, in sun cire sun cire amma dai na rubuta. Ma'aji na ganin rage yawan zai sa a ƙi mu, ni ina ganin gara 16 da za su zo kullum, ba mu daidaita ba tukuna, ranar Alhamis za a zauna da sauran 'yan kwamiti. Mai gidan da muke haya kuma ya aiko wai daga Janairu zai ƙara kuɗi, gobe da safe zan je in same shi, in ya ƙi sauka sai mu fara neman inda za mu kai obin ɗin.